Porsche 911 ko Ferrari Roma: Wacce Za Ka Iya Zama da Ita?

Idan masoya motoci suka kaure da gardama kan Porsche 911 da Ferrari Roma, da wuya su daɗe a kan maganar gudu. Roma tana tashi daga tsaye ta kai gudun kilomita 100 a awa cikin daƙiƙa 3.4, ita kuwa 911 Carrera GTS ta yanzu cikin daƙiƙa 3.0, kuma kowacce ta fi ƙarfin abin da direba mai hankali zai nema a kan titi. Inda jijiyar wuya take tashi shi ne wajen sura da suna: wacce ta fi kyau, wacce ta fi kama da gidan da ta fito, kuma me mota take faɗa game da mai ita tun kafin ya buɗe ƙofa. Wanda yake tsakanin waɗannan biyun ya kamata ya saurari wannan gardamar da kyau, domin a nan ne zaɓin yake. Duka biyun masu ƙofa biyu ne, duka suna da ƙananan kujerun baya, duka an yi su don a iya doguwar tafiya da su, amma gidajen da suka haife su sun saɓa ƙwarai wajen fahimtar abin da ake kira asali.

Kamfanin Porsche ya jingina sunansa ne ga siffa guda ɗaya. An fara nuna motar a baje kolin motoci na Frankfurt a 1963 da suna 901. Kamfanin Peugeot ya ce shi ke da haƙƙin lambobi uku masu sifili a tsakiya, sai aka mayar da ita 911 aka fara sayarwa a 1964. Ferdinand Alexander Porsche, jikan wanda ya kafa gidan, shi ya jagoranci zanenta. Tun daga lokacin zubin bai sauya ba: fitilu biyu zagayayyu a kan tudu biyu, bonet a kwance ƙasa-ƙasa a tsakaninsu, rufi ya tashi daga gilashin gaba ya gangara a hankali har bamban baya ba tare da karyewa ba, inji mai silinda shida a kwance can bayan tayoyin baya. Wannan gangarowar rufin ba ado ba ce kawai, wurin da injin yake zaune ne ya haifar da ita. Ka ɗauki 911 ta 1964 ka ajiye kusa da ta bana, yaro ma zai ce uwa da 'ya ne.

Zauna a kujerar direba ka ga abin da masoyanta suke yawan zance a kai. Bonet ɗin ba ya ganuwa, ya nutse, amma hagu da dama kana hangen tudun nan biyu da ke saman tayoyin gaba, su ne suke nuna maka daidai inda taya take takawa idan ka shiga kwana. Gilashin gaba a tsaye yake fiye da na yawancin motocin tsere, ginshiƙansa ba su tare ido. A madubin gefe kuma ƙugun motar ne yake cika maka ido, ya kumbura a kan tayar baya. Agogon juyin inji yana tsakiya, daidai saitin idonka, makunni kuma yana gefen ƙofa maimakon gefen giya. Labarin da ake bayarwa shi ne al'adar ta samo asali daga tseren Le Mans na da, inda direbobi suke rugowa da ƙafa su faɗa mota, hannu ɗaya ya tayar da inji ɗaya ya sa giya. Porsche ya ci wannan tseren sau 19, fiye da kowane kamfani, don haka ba abin mamaki ba ne ya riƙe irin waɗannan ƙananan abubuwa kam.

Masu sukar 911 suna da hujja, kuma bai kamata a kawar da ita ba. Suna cewa wannan ragwanci ne aka sa masa rigar al'ada: shekara sittin ana zana abu guda, ana ƙara masa ƙiba. Maganar ƙibar gaskiya ce. Ta farkon faɗinta mita 1.61 ne, tsawonta bai kai mita 4.2 ba, injinta mai lita 2 yana ba da ƙarfin doki 130. Samfurin 992 da ya fito a ƙarshen 2018 faɗinsa ya kai mita 1.85, tsawonsa ya haura mita 4.5. Siririyar motar nan mai sauƙin jiki ta zama ƙatuwa mai kafaɗa. Suna kuma cewa ta yi yawa. An ƙera ta miliyan ɗaya a 2017, kuma a 2023 kaɗai an miƙa wa masu saye 911 sama da 50,000, alhali duk motocin da Ferrari ya sayar a wannan shekarar, kowane iri, 13,663 ne. A manyan biranen Turai da Amurka 911 tana iya wucewa ba wanda ya waiga. Wanda bai san mota ba ma ba zai bambance Carrera ta ƙasa da Turbo S ba, duk da tazarar kuɗin da ke tsakaninsu.

Ni dai ban yarda da zargin ragwancin ba. Riƙe siffa ɗaya tsawon wannan lokaci, ana cika sababbin dokokin kariya daga haɗari da na hayaƙi, ya fi zana sabuwa wuya. Kuma masu sayen motar ne da kansu suka ɗaure kamfanin. An ƙera 928 mai inji a gaba a 1977 da niyyar ta gaji 911, amma ita ce ta mutu a 1995, 911 ta ci gaba. Da samfurin 996 ya fito a 1997, aka bar sanyaya inji da iska aka koma ruwa, aka kuma sa masa fitilun gaba irin na Boxster, wata ƙaramar motar Porsche, waɗanda ba zagayayyu ba, sai masoya suka yi ca, suka laƙaba wa fitilun sunan soyayyen ƙwai. Da 997 ta zo a 2004 an dawo da zagayayyun fitilu. Har gobe akwai waɗanda suke rantsuwa cewa 911 ta gaskiya ta ƙare ne a 1998, da samfurin 993, na ƙarshe mai sanyaya inji da iska. Ko gyaran fuskar da aka yi wa 992 a 2024 bai tsira ba: an cire agogon juyin inji mai allura aka mayar da komai allo, aka maye makunnin da ake murɗawa da maɓalli, aka kuma haɗa wa GTS injin lantarki, kuma kowanne sai da ya ja ƙorafi. A gidan Porsche, mai mota yana jin shi ma yana da ta cewa a kan zane.

Ferrari kuwa asalinsa bai zauna a kan siffa guda ba. Yana zaune ne a kan doki, da launi, da ƙarar inji, da filin tsere. Enzo Ferrari ya kafa ƙungiyar tserensa a 1929, motar farko mai ɗauke da sunansa, 125 S, ta fito daga Maranello, garin da masana'antar Ferrari take, a 1947, kuma ƙungiyar ce kaɗai ta shiga kowace kakar gasar Formula 1 tun da aka fara a 1950. Baƙin dokin da ya ɗaga ƙafa an ɗauko shi ne daga jirgin Francesco Baracca, matuƙin jirgin yaƙin Italiya a Yaƙin Duniya na Ɗaya, rawayan da ke bayansa kuma launin birnin Modena ne, mahaifar Enzo. Shi ma tambarin Porsche akwai baƙin doki a tsakiyarsa, na birnin Stuttgart inda kamfanin yake, sai dai mutane ƙalilan ne suke lura da shi, domin siffar motar ta riga ta faɗi sunanta. A Ferrari dokin ne yake ɗauke da kayan. Shi ya sa kamfanin yake da 'yancin sauya fuska duk bayan 'yan shekaru. Testarossa mai tsage-tsage a gefe, da F40 mai ƙaton fiffike, da 458, ba su yi kama da juna ba, amma ba wanda ya taɓa shakkar gidansu.

Shekaru da dama kamfanin zane na Pininfarina ne yake zana yawancin motocin Ferrari, tun farkon shekarun 1950. Daga 2010 Flavio Manzoni ya karɓi ragamar sashen zane na cikin gida, kuma a hankali aikin ya koma Maranello gaba ɗaya. Wannan kansa wata gardama ce tsakanin masoya. Wasu suna ganin tun da aka rabu da Pininfarina motocin suka cika ramukan iska da kaifin layi, laushin nan na Italiya ya tafi. Roma, da aka ƙaddamar a birnin Rum a watan Nuwamban 2019, kamar amsa ce ga waɗannan mutane.

Tsaya gefenta ka bi ta da ido daga hanci zuwa baya. Doguwar bonet ce ta ci kusan rabin motar, ɗakin zama ya koma baya ya zauna a kan ƙugu, jikin gefe sumul, babu ramin iska, babu tsagi, haske yana zamewa a kai kamar ruwa a bayan tulu. Ragar gaba ba baƙa ba ce irin ta sauran motoci, hudajjen fanni ne mai launin bodin, ramukan suna raguwa yayin da suke nufar gefe, har ka ga kamar daga jikin motar aka sassaƙo ta. Fiffiken baya a ɓoye yake ƙarƙashin gilashi, sai gudu ya kai gudu yake ɗagowa da kansa. Fitilun baya zagayayyu da aka san Ferrari da su an mayar da su siraran layuka huɗu. Ko garkuwar nan mai rawaya da ake mannawa a gefen tayar gaba, an nuna Roma ba tare da ita ba, kamar yadda motocin titi na Ferrari suke a shekarun 1950. A ƙarƙashin bonet akwai inji mai silinda takwas, lita 3.9, turbo biyu, ƙarfin doki 620, an tura shi baya da tayoyin gaba don nauyi ya daidaita.

A ganina Roma ta fi 911 kyau, kuma ba da ɗan kaɗan ba. 911 tana da kwarjini da daidaito, Roma kuwa tana da kyan da yake sa mutum ya tsaya. Amma wannan kyan ne ya jawo mata zargi mafi zafi: wai ba ta yi kama da Ferrari ba. Tun ranar da aka nuna ta mutane da yawa suka ce in an cire dokin za a ɗauka motar kamfanin Aston Martin na Birtaniya ce. Masu tsattsauran ra'ayi suna cewa Ferrari ta gaskiya ko dai mai silinda goma sha biyu a gaba, ko mai inji a tsakiya bayan direba, saura duk na masu son suna ne. Wannan ra'ayi tsoho ne a gidan: Dino mai silinda shida ta ƙarshen shekarun 1960 ba a ma sa mata sunan Ferrari ba. Abin da yake ba ni takaici shi ne yadda masu saye da yawa, don gudun wannan zargi, suke biyan ƙarin kuɗi a manna musu garkuwar gefe, su kuma zaɓi ja mai ƙuna. Roma ta fi fitowa a shuɗi mai duhu, ko ruwan toka, ko azurfa, kuma gefenta ya fi kyau ba garkuwa. Wanda zai saye ta ya saye ta don abin da take, kada ya tilasta mata ihun da ba a yi ta don shi ba.

A ciki ne Roma ta yi tuntuɓe. An raba gaban gida biyu, direba da nasa fasinja da nasa, fatar tana da kyau, zama yana da daɗi. Sai dai an cire maɓallan gaske daga sitiyari aka sa na shafawa, har makunnin inji ya zama hoton da ake taɓawa. Yatsa yana goga wani abu ba da niyya ba a tsakiyar kwana, ko ka taɓa sau biyu kafin ya amsa. Masu gwajin motoci da masu ita sun yi ta kuka da wannan, kuma kamfanin ya ji: a Amalfi, wadda ta gaji Roma a 2025 da ƙarfin doki 640, an dawo da maɓallan da ake dannawa da jan makunni. An kuma sauya fuskar, aka cire hudajjiyar ragar nan. A nan ne mai saye zai ga bambancin gidajen biyu da idonsa. Cikin shekara shida Roma ta zama tsohon yayi, har sunanta an ajiye. Mai 911 ta shekara goma kuwa yana tuƙa motar da har yanzu sunanta 911, kuma mafi yawan masu kallo ba za su san shekarunta ba.

Wannan yana taɓa aljihu. An san 911 da riƙe daraja a kasuwar motocin hannu, musamman irin su GT3, wadda aka gyara don filin tsere, da masu giyar hannu, kuma Porsche ya ce sama da kashi 70 cikin 100 na duk 911 da aka taɓa ƙerawa har yanzu suna iya hawa titi. Ferrari ma yana da motocin da kuɗinsu yake hawa, amma waɗannan su ne ƙididdigaggu, waɗanda ake yi wa tsofaffin abokan ciniki tayinsu. Irin su Roma, da ake kallo a matsayin ƙofar shiga gidan, sun fi saurin sauka. Ga mai sayen sabuwa wannan asara ce, ga mai neman ta hannu kuwa dama ce. Ferrari yana haɗa wa sababbin motocinsa sabis na shekara bakwai kyauta, kuma yana bin motar ko an sayar da ita, don haka a duba shekarun da suka rage kafin a biya.

Zancen zama da mota kullum ba ya buƙatar dogon bayani. 911 ta fi ƙanƙanta, ta fi sauƙin gani ta kowane gefe, wuraren gyaranta sun fi yawa, kuma ana samun ta mai jan taya huɗu. Roma faɗinta ya kusa mita 2, dogon hancinta yana son a saba da shi, kuma tayoyin baya kaɗai take ja. A wajen kaya kuwa Roma ce gaba, but ɗinta lita 272 ne, kusan ninki biyu na ɗan ramin da ke gaban 911. Kujerun baya a duka biyun na yara ne ko jaka. Wanda yake son kuloci da giyar hannu kada ya ɓata lokaci a kan Roma, giyarta mai canza kanta ce kaɗai. Porsche har yanzu yana sayar da giyar hannu a Carrera T da GT3, wadda injinta ba turbo yake juyawa har 9,000 a minti.

Akwai kuma abin da ba a rubuta shi a takardar mota, wato yadda mutane suke karɓar ka. Ferrari ba ta ɓoyuwa, ko da Roma ce mai kunya. Za a ɗaga waya a ɗauki hoto, za a yi maka tambaya a gidan mai, za a yanke maka hukunci, mai daɗi da marar daɗi, kafin ka yi magana. Wasu wannan suke saye, kuma ba laifi ba ne mutum ya so a ga abin da ya wahala ya samu. Amma abin yana gajiyarwa idan motar ce ta zuwa aiki. 911 tana ba ka zaɓi: a launi mai sanyi za ta saje da sauran motoci, wanda ya sani ne kawai zai gyaɗa maka kai. Haka dangantaka da kamfanin take. Ferrari yana tsaron sunansa da kishi, ba ya son a yi wa tambarinsa wasa, kuma samun manyan motocinsa yana bin tarihin abin da ka saya a baya. Duniyar 911 ta fi sakewa, akwai masu sauya mata fasali, masu ɗaga ta don hanyar ƙasa, masu sabunta tsofaffi, kowa da irin tasa. Sai dai wajen GT3 da 'yan uwanta shi ma Porsche yana da layi da zaɓen wanda za a ba.

Wani zai ce ina Lamborghini? Wannan wata hanya ce dabam. Tun Countach ta 1974, zanen Marcello Gandini, gidan ya zaɓi kaifi da kusurwa da hayaniya. Wanda zuciyarsa take can bai kamata ya tsaya kan Roma ko 911 ba, ba ɗayarsu da za ta ƙosar da shi.

Ga mutumin da motar tsere ɗaya tak zai mallaka, zai hau ta safe da yamma, yana kuma son ya riƙe ta shekara goma ba tare da ta tsufa a idonsa ba, 911 nake ba shi shawara, kuma ba sai ya haura zuwa Turbo ba. Carrera T mai giyar hannu, ko GTS idan yana son ƙarfi, sun ishe shi, kuma ya yi hattara da jerin ƙarin kayan da ake biya dabam, domin a nan kuɗin Porsche yake kumbura. Wanda kuwa yake da motar yau da kullum, abin da yake nema shi ne wadda zai fito da ita don doguwar hanya, ya ji ƙarar silinda takwas a gabansa, ya kuma juya ya kalle ta bayan ya ajiye, Roma ce tasa, kuma kada maganar masu cewa ba Ferrari ba ce ta dame shi. Kafin ya biya, ya zauna a ciki ya yi amfani da maɓallan sitiyarin yana tuƙi, ba a tsaye ba. Idan sun ɓata masa rai a rabin sa'ar farko, to ya duba Amalfi, ya gwada fuskarta da ta Roma ido da ido, domin ba kowa ne yake ganin sabuwar ta kai tsohuwar kyau ba.